Kawu da Allon Zoɓo

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Makarfi, aka kai shi makwanci bayan azahar.

Ba zan ce gari ya cika ba, don Kawu ba mai sarauta ba ne. Mai fenti ne, mai rubuta allunan makarantu da shaguna da gonaki. Amma mutane sun zo daga Paki, sun zo daga Kudan, kowa da abin da ya tuna. Wani hedimasta mai ritaya ya ce ajin da ya koyar a ciki ya rushe tuntuni, allon da Kawu ya rubuta wa makarantar yana nan tsaye. Mai shayin bakin tasha ya ce shi kam faɗa ya tuna. Ya nemi a rubuta masa sunan shagonsa da kala bakwai, Kawu ya tambaye shi shayi zai sayar ko bakan gizo. Aka yi dariya a zauren makoki har liman ya yi gyaran murya.

Ana cikin haka Ardo ya iso, tsohon makiyayi daga rugar da ke bayan Dandamisa. Ya jingine sandarsa a bakin zaure, ya bi manya ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, ya ya haƙuri, ya ya rashi, aka yi addu'a aka shafa. Can ya ce, "Allon mutumin nan bai taɓa yi mana ƙarya ba."

Da ya faɗa sai ya ɗago ya dube ni. Wataƙila ba da wata manufa ba ne, don ni ne a gabansa. Amma ni na san akwai allon da ya yi musu ƙarya, kuma ni na kafa shi. Saboda maganar nan na zauna na rubuta wannan. Idan za a tuna da Kawu, a tuna da shi da gaskiyarsa, ko da ni ne zan ji kunya.

Wata jami'a tana da gonakin gwaji a ƙauyukanmu. Sukan karɓi ɗan fili a wurin manomi su shuka sabon iri, wake ko dawa ko masara, su ga yadda zai yi a ƙasarmu. Kowace irin wannan gona ana kafa mata allo mai tambarin jami'ar: zangarniyar dawa a kan buɗaɗɗen littafi, cikin da'ira. Kawu ne ke yin allunan. Malamin gona da ke kula da yankinmu ya damƙa masa abu biyu. Ɗaya fallen kwano ne da aka yanke siffar tambarin a jikinsa, in ka ɗora a kan katako ka shafa fenti sai tambari ya fito. Ɗayan kuma ɗan littafi ne na ƙa'idojin amfani da tambarin, da wani ɗan kati manne a ciki mai ɗauke da kalar jami'ar.

Littafin da Turanci yake, Kawu kuwa bai yi boko ba, zana baƙaƙen kawai ya iya. Ya zaunar da malamin gona ya fassara masa tun daga bango har bango, shi kuma yana rubutawa da ajami a gefen kowane shafi. Kada a miƙe tambarin, kada a matse shi, kada a karkata shi. Kada a sauya masa kala. Kada a ɗora shi a kan hoto, kada a jera shi da na wani. A bar fili kewaye da shi, daidai faɗin zangarniyar. Kada a sa shi a kan abin da ba na jami'a ba, sai da izini a rubuce. Akwai wani shafi da aka jera tambarin a lalace iri-iri, kowanne an ja masa layi. Kawu na kiransa shafin kunya. In baƙo ya zauna a shagonsa ya wuce minti goma, sai ya ga shafin kunya, ko yana so ko ba ya so.

Kalar kuwa ja ce mai duhu. Kawu kan ce, "Ba jan tumatir ba ne, ba jan barkono ba ne, ba na goro ba ne. Zoɓo ne, wanda ya jiƙu ya huce." A lokacin ba a sayar da irinta a gwangwani a nan, haɗawa yake yi: ja, da ɗan shuɗi, da baƙi a bakin tsinke. Ba ya haɗi da tsakar rana, sai da hantsi a inuwar darbejiyar ƙofar shago. Katin yana cikin wani gwangwanin alewa, a naɗe da baƙin ƙyalle, don ya ce rana cin ja take yi. Zai shafa ɗan kaɗan a guntun katako ya ajiye, ya tafi ya sha kokonsa. In ka ce masa ai ya yi daidai, sai ya harare ka. "Ɗanyen fenti maƙaryaci ne. Bari ya bushe." Haka yake faɗi a kan sabon aure, da sabon kansila, da duk wanda ya dawo daga birni da manyan alkawura.

Na ga ranar da wani shugaban jam'iyya ya zo da mota, ana shirin taron manoma a wata gonar gwaji a Paki. Yana so a zana hotonsa kusa da tambarin, a rubuta sunansa a sama da manyan baƙaƙe.

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, in an shimfiɗa maka darduma a wurin taro, kana so wani ya zauna a kan rigarka?"

Ya ce a'a.

"To shi ma haka. Tambari dattijo ne, ba a matse masa wuri. In kana so, in yi maka naka allon daban, in zana ka har da hular."

Mutumin ya yi fushi ya tafi. Washegari ya aiko a yi masa allon daban, kuma a tabbata hular ta fito.

Da can ni ma ina ganin abin ya yi yawa. Ja ai ja ne. Sai daga baya na gane cewa yawancin masu wucewa ta gonakin nan ba sa karanta abin da aka rubuta. Kala suka sani. Makiyaya da manoma duk allon zoɓo suke ce masa. In an gan shi, an san gonar nan ba a shiga, ba a tsinka, ba a kora dabba ciki ko bayan girbi sai an cire allon, don wani lokaci an yi feshin magani mai ƙarfi. Ba mai gadi, ba shinge. Katako ɗaya a kan turke, kowa ya kiyaye.

Ni kafinta ne. Ni nake yanka wa Kawu katako in fere turaku, kuma a lokacin da abin nan ya faru ba yaro ba ne ni, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Ina da 'yar gonar rake a Gazara, a bakin hanya. Wanda ya noma rake a bakin hanya ya san abin da nake nufi. Mai keke ya karya ɗaya, mai babur ya karya biyu, masu dawowa daga kasuwa su karya na yara. Na gaji. Na roƙi Kawu ya yi mini allon zoɓo in kafa.

Ya ce, "Gonar taka ta jami'a ce?"

Na ce, "Kawu, wa zai sani?"

Ya ce, "Ni."

Wata Juma'a ya tafi masallaci da wuri kamar yadda ya saba, ya bar ni ina goge katako a shago. Na ɗauko kwanon tambarin, na ɗora a kan wani guntun allo, na shafa jan fentin da na sayo a kasuwa, irin wanda ake shafa wa ƙofar shago. Na wanke kwanon da kananzir na mayar inda yake. Na rubuta da hannuna, gonar jami'a ba shiga. Na kai Gazara na kafa.

Ba zan ɓoye ba, ya yi aiki. Shekarar nan ko kara ɗaya ba a karya mini ba. Amma da rani ya yi aka ga ni ne nake sara, ni ne nake lodi, ni ne nake ciniki a kasuwar Makarfi. Mutane ba wawaye ba ne. Suka yi dariya, suka ce dabara ta yi. Damina na zagayowa, sai ga alluna a gonar wannan da ta wancan. Wani ya zana nasa da hannu, da'irar ta fito kamar ƙwai. Wani nasa ruwan lemo ne. Ba wanda ya gaya wa Kawu, don suna tsoron bakinsa, kuma suna son dabarar.

Da kaka ta matso, ƙanen Ardo ya biyo da garke ta gefen gonar gwaji ta Dandamisa. Ya riga ya wuce alluna biyar a hanya, ya san duk na ƙarya ne, ya san masu gonakin da sunansu. Ya ga na shida, ya ɗauka shi ma haka ne, bai damu ya tare shanun da suka ratse ciki ba. Wake ne a ciki, kwana biyu da yin feshi. Saniya ɗaya ta mutu, wata ta yi ɓari. Waken da aka shekara uku ana bibiyarsa ya tafi a wuni guda.

Ardo bai je wurin 'yan sanda ba, bai je wurin dagaci ba. Shagon Kawu ya zo, don sun daɗe tare, Kawu na kiransa mai sanda, shi yana kiran Kawu mai buroshi. Ina wurin. Ya ce, "Mai buroshi, yanzu wanne ne naka? Ka gaya mana, mu gaya wa shanu."

Kawu bai ce mini komai ba a gabansa, amma ya san bayan shi ba mai taɓa kwanon nan sai ni. Washegari da safe ya ce in ɗauke shi a babur. Gazara muka nufa, har bakin gonata. Ya sauka ya tsaya gaban allon, hannu a baya, kamar mai duba mara lafiya.

"Dubi nan. Jan tumatir. Dubi nan, ya karkata kamar ya sha wani abu. Rubutunka kuma ya hau kan littafin." Ya juyo. "Ko ƙaryar ma ba ka iya ta ba, ɗan ƙanwata."

Na ce, "Kawu, rake na nake karewa."

"Ka kare rake, ka kashe saniya. Ka san me aka ba ni? Ba kwano aka ba ni ba. Kwano ko maƙeri zai yanka. Yarda aka ba ni, ta mutanen da ba su iya karatu ba. Ita ka shafa wa fentin ƙofa."

Ya tumɓuke turken da hannunsa, tsoho da shi, bai bari na taya shi ba.

Ranar nan ya naɗe kwanon da littafin ya kai wa malamin gona. Ya ce an yi amfani da tambari ba izini, daga shagonsa. Malamin ya tambaye shi wane ne. Ya ce, "Hannuna aka ba, hannuna za a tambaya." Bai faɗi sunana ba, a can ko a wani wuri, har ya koma ga Allah. Aka dakatar da aikinsa na damina ɗaya. A cikin wannan lokacin ya ari amalanke ya bi ƙauyuka yana cire allunan ƙarya. Wasu sun zage shi. Wani a Gazara ya ce masa jami'ar ta ubansa ce? Ya ce a'a, amma saniyar da ta mutu ma ba ta ubanka ba ce. Yana da karsana guda da ake yi masa kiwo a garken Ardo. Ya je ruga ya ce ta zama ta mai saniyar. Ardo ya ƙi, ya ƙi, Kawu ya ce to a kore ta daji, don shi dai ba tasa ba ce kuma.

Da aka dawo masa da aikin, bai kore ni ba. Ni na ci gaba da yanka katako. Muna gaisawa, muna cin abinci kwano ɗaya, sunan ɗana na biyar shi ya raɗa. Amma duk ranar da zai buɗe gwangwanin alewar nan, sai ya ce, "Je ka sha iska." In fita in tsaya a bakin titi kamar baƙo. Shekara tara ina shan iska. Ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Girman kai ne ko kunya, ban sani ba, wataƙila duka biyun. Ina ta cewa gobe.

Zamani kuma ya juya. Aka zo da injin da ke buga allo a kan leda cikin awa ɗaya. Jami'ar ta koma buga nata a can birni, aikin Kawu ya ragu sai gyaran tsofaffi. Ba ya ƙin injin. Abin da ke ƙona masa rai shi ne masu shagunan bugawa da ke jan tambarin kowace makaranta ya cika leda, a miƙe shi kamar danƙo. In muka wuce irin wannan a hanya sai ya ce, "Ga shafin kunya an rataye a titi."

Bara idonsa ya fara yin yana, ganinsa ya ragu. Wata safiya yana haɗi a gindin darbejiya, na miƙe zan fita tun kafin a kore ni. Sai ya ce, "Ina za ka? Zauna. Idona ya gaji." Ya warware baƙin ƙyallen a gabana, ya shafa fenti a guntun katako, ya miƙo mini tare da katin. "Ya yi?"

Na ce, "Bari ya bushe, Kawu."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Muka sha koko. Da ya bushe na kara shi da katin, na ga ya ɗan yi haske. Na so in ce ya yi, don in faranta masa, don kada a ce bayan shekara tara abin da na fara yi shi ne gyara masa aiki. Amma na ce, "Kawu, ya yi haske. Yana son baƙi kaɗan."

Ya ce, "To," ya miƙo mini tsinke. Ban san ko an yafe mini ba ne, ko kuwa ido ne kawai ya gaza.

Ranar sadakar uku, wani mai makarantar kuɗi daga Ikara ya zo gaisuwa. Bayan addu'a ya ja babban ɗan Kawu gefe, wanda direba ne a Kaduna kuma bai taɓa riƙe buroshi ba. Ya ce ya ji akwai wani kwano a shagon marigayi. Yana so ya sa tambarin a ƙofar makarantarsa, a ɗan sauya shi kaɗan, iyaye su ga kamar akwai alaƙa da jami'a. Ɗan Kawu ya ce ai ba komai, tsohon kwano ne. Ni ina ji, amma ba ni da ta cewa. Ɗan ƙanwa ba ya gado inda akwai 'ya'ya, balle ni.

Sai muryar Inna, matar Kawu, ta fito daga bayan labulen soro. Tana takaba, ba ta fito ba. Ta kira ɗanta ta ce, "Kwanon nan da gwangwanin ba sa cikin kayan gado. Babanku ya ce a ba ɗan ƙanwarsa. Ya ce shi kaɗai ya san abin da jan nan yake ci in aka yi wasa da shi." Sannan ta ce da ni, "Ranar nan da ka ce ya yi haske, da gangan ya rage baƙin. Ya shigo gida yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce, ɗan ƙanwata ya bushe."

Na fita na sha iska, wannan karon da kaina.

Da na dawo mai makarantar yana jirana, har ya fara kirana babban yaya. Na tambaye shi, "Makarantar taka ta jami'a ce?"

Ya ce, "Haba, wa zai sani?"

Na ce masa ya gaida gida.

Bayan kwana bakwai na naɗe kayan na kai ofishin malaman gona. Littafin ya ce sai da izini, kuma Kawu aka ba izini, ba ni ba. Izini ba a gadonsa. Tsohon malamin ya yi ritaya, wata matashiya na samu a kujerarsa. Ta buɗe littafin, ta ga ajamin Kawu a gefen kowane shafi, ta daɗe tana dubawa. Ta ce yanzu kalar lamba gare ta a kwamfuta, ba sa bukatar kati. Amma akwai allo ɗaya na katako da ya rage a Dandamisa, ya koɗe, kuma mutanen wurin sun ce ba sa son na leda. Ta tambaye ni ko zan iya. Na ce in an rubuta mini. Ta rubuta, ta sa hannu.

Na haɗa da hantsi a gindin darbejiya. Sau uku ina sakewa. Na bar wa tambarin filinsa, na auna da faɗin zangarniya ta kowane gefe. Ranar da na je kafawa, Ardo ya fito daga ruga ya tsaya yana kallo. Na ciro takardar izinin na miƙa masa.

Ya ture ta da bayan hannu. "Takarda taku ce. Ni kala na sani."

Ya matsa kusa, ya ja da baya, ya karkata kai. Ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Zoɓo ne." Ya ɗauki sandarsa, ya tafi ya gaya wa masu kiwo.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa kada a matse masa wuri, Ya sa aikinsa ya bushe da kyau a gabanSa. Mu da muka rage, Allah Ya ba mu ikon cewa ya yi haske in ya yi haske. Amin.